Mece ce "sarƙar sanyi" a harkar allurar rigakafi?

Sarƙar sanyi, wadda ma'aikatan lafiya ke kira kol-cen, ita ce tsarin ajiye maganin rigakafi da jigilarsa cikin sanyin da ya dace, tun daga kamfanin da ya haɗa shi har ya shiga jikin jariri. A Najeriya maganin kan taso daga babban ɗakin sanyi na ƙasa zuwa na jiha, sai ƙaramar hukuma, sai asibitin sha-ka-tafi, sannan akwatin nan da ma'aikaciya ke rataye a kafaɗa. Duk inda aka yi sake a hanya, maganin ya rasa ƙarfinsa, kuma mayar da shi firji ba ya dawo da abin da ya tafi.

Yawancin alluran suna buƙatar digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos. Shi ya sa ake duba ma'aunin firjin safe da yamma a rubuta, har Asabar da Lahadi.

Ɓarnar zafi tana da sauƙin ganewa. A jikin kwalba akwai tambari: ɗan murabba'i mai haske a tsakiyar da'ira mai duhu. Gwargwadon zafin da kwalbar ta sha, murabba'in yana ƙara duhu. Muddin ya fi da'irar haske, ana iya amfani da maganin. Da zarar launinsu ya zo ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, a ware shi ko da wa'adinsa bai cika ba. An fara manna wannan tambari a kan ɗigon shan-inna a 1996, kuma uwa ma tana iya neman a nuna mata shi.

Abin da ya fi damun masu aikin shi ne daskarewa, domin mutane da yawa suna ɗauka ƙarin sanyi ƙarin kariya ne. Allurar Penta mai kare jarirai daga cututtuka biyar, da ta ciwon hanta, da ta tetanus da ake yi wa masu juna biyu suna ɗauke da sinadarin alminiyom da ke taimaka wa jiki ya karɓi maganin. In sun zama ƙanƙara, sinadarin ya dunƙule, kuma tambarin ba zai nuna komai ba, tunda zafi kaɗai yake aunawa. Galibi a akwatin tafiya ake yin wannan ɓarna: a ciro robar ƙanƙara daga firiza a jera kwalabe kusa da ita nan take. Daidai shi ne a bar robar a waje har sai an girgiza ta an ji motsin ruwa a ciki.

Idan ana zargin kwalba ta daskare, akwai gwajin girgiza. A ɗauki wata daga rukunin guda a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a girgiza su tare na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a gaban haske. Idan garin da ke cikin wadda ake zargi ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, ta lalace.

Alluran BCG (ta tarin fuka), ƙyanda da shawara kuwa gari ne da ake damawa da ruwansu na musamman. Bayan damawa, awa 6 kawai suke da shi, ko ƙarshen aikin ranar, duk wanda ya riga zuwa. Ragowar zubarwa ake yi, saboda ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a ciki, su jefa yaro cikin mummunan hali.

Akwai sassauci kaɗan. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac ta samu izinin zama har kwana 4 a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma an fara aiki da hakan a Jamhuriyar Benin a 2012. Wannan izini sai maganin da aka gwada aka rubuta masa shi, ba a yi wa sauran kiyasi da shi.