Butar Tangaran Ta Ƙasar Sin Mai Siffar Mutum

Wannan wata irin buta ce ta tangaran, wato faɗi-ka-mutu, da maginan ƙasar Sin suka riƙa yi a zamanin daular Ming (1368 zuwa 1644) da daular Qing da ta gaje ta, inda jikin butar gaba ɗaya mutum ne, sannan a bi shi da fenti mai sheƙi kala-kala. Giya ko ruwa ake zubawa a ciki, amma dai galibi ado ne na teburin masu hali.

Wadda aka fi sani ita ce ta mace mai rawa ta ƙarni na 16. Gaskiya dabarar da ke cikinta abin a tsaya a kalla ne, don maginin bai zo ya liƙa baki da mariƙi a jikin mutum-mutumi kawai ba, a'a, hannun rigarta ɗaya dogo da ta ɗaga sama yayin rawa shi ne bakin da ruwa ke fita, ɗayan hannun kuma ya lanƙwaso ya zama mariƙi, rigar mai faɗi har ƙasa ita ce cikin butar. Kana tsiyayawa sai ka ga kamar ita ce ta rusuna tana zuba maka.

Mafi yawansu a garin Jingdezhen na lardin Jiangxi aka yi su, cibiyar tangaran ta Sin tun ɗaruruwan shekaru. Farar ƙasa da ake kira kaolin ake haɗawa da wani dutse da aka niƙa ya yi laushi. Tunda siffar mutum ba ta juyuwa a kan faifan magini, sai a danna yumɓun a cikin mazubi mai siffar mutumin, gida biyu, gaba da baya, a haɗe su da ruwan yumɓu, kai da hannaye a ɗora daga baya. Gashin wuta kuma sau biyu ne, na farko da wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 1300 don jikin ya yi tauri, bayan nan mai zane ya sa fenti a sake gasawa a wajen digiri 800 don fentin ya narke ya kama. To a nan asara take, hannu ɗaya ya karkace a wutar farko shi ke nan aikin kwanaki ya tafi.

Fentin kansa garin gilashi ne da aka gauraya da ma'adinai, tagulla ke ba da kore, ƙarfe ke ba da ja. A zamanin Sarki Kangxi (1662 zuwa 1722) kore ya fi rinjaye, tare da ruwan ɗorawa da shunayya, wani lokaci ma kai tsaye ake shafawa a kan tangaran ɗin da ba a yi wa rufin gilashi mai sheƙi ba, shi ya sa ninkin riga da gashin kai ke fitowa fes. Daga wajen 1720 sai ruwan hoda ya shigo, wanda da ɗan zinariya ake haɗa shi. Sunayen da dillalai ke amfani da su yau, famille verte (na masu kore) da famille rose (na masu ruwan hoda), wani Bafaranshe Albert Jacquemart ne ya raɗa su a 1862.

Turawa sun haukace a kan tangaran ɗin Sin, jiragen ruwa na ɗauko shi daga tashar Guangzhou, har Sarki Augustus na Saksoni, a ƙasar Jamus ta yau, ya ba wani sarkin Turai sojan doki 600 a 1717 aka ba shi tangaran guda 151.

Samun irin wannan buta lafiya lau yana da wuya, don hannu da wuya da murfi su ne ke fara karyewa, da yawa an yi musu gyara ko an sake musu kai. Ga kuma kwaikwayo, kamfanin Samson na Faris ya riƙa yin irin kayan Sin a ƙarni na 19 da na 20, don haka masana sai sun juya gindin butar sun duba launin yumɓun da yadda fentin ya goge a wurin riƙo kafin su ce ta wane zamani ce.