Ƴan haɗin baki a wasannin yaƙi na intanet, daga ina rigimar ta faro?

Duk wanda ya taɓa shiga babban fagen yaƙi shi kaɗai ya san abin nan, an zuba ka cikin baƙi ba wanda ya san wani, sai a haɗa ku da ekip da suka zo a shirye, kowa da kaske a kunne mutum ɗaya na ba da oda, kafin ka gama duba taswira an share ku. Samarin fada nan Damagaram masu buga Free Fire da PUBG gani suke sabon abu ne, alhali rigimar ta girmi wasunsu.

A World of Warcraft ta fi yin ƙauri. Kamfanin Blizzard ya fito da wasan a 2004, a 2005 ya buɗe fagen Alterac Valley, mutum 40 da 40, kowane ɓangare na neman kashe janar ɗin abokan gaba, Drek'Thar a kudu Vanndar a arewa. Lokacin karawa ɗaya kan cinye yini, ka tashi ka yi sallah ka ci abinci ka dawo ana nan ana gwabzawa. Abin da ya canza lissafi shi ne muƙami, matakai 14 ne kuma duk sati da sauran ƴan wasa ake auna ka, to mai son na ƙoli dole ya ci da wuri ya koma ya sake ci. Mai wannan buri kuwa ba zai bar nasararsa hannun baƙi ba, sai ya tara nasa.

Kamfani ya hana shiga layi a babban gungu, su kuma suka koma ƙirga uku biyu ɗaya kowa ya danna tare, har manhaja aka ƙera don wannan, Preform AV Enabler. A 2019 da aka dawo da tsohon zubin wasan mai suna Classic abin ya dawo sabo fil. Kowane fage na da lamba, sai ƴan Alliance, ɗaya daga ɓangarori biyu na wasan, su taru a manhajar hira ta Discord, kowa ya faɗi lambar da ta fito masa, waɗanda tasu ta zo ɗaya su shiga, saura su fasa. Kun ga cutar biyu ce ke nan, an tattake abokan gaba cikin ƴan mintoci, sannan fagen da aka fasa ya tashi da mutane ƙalilan suna shan kashi ba laifinsu. Farkon 2020 aka ɓoye lambobin, aka samu sauƙi, amma ƙirgen nan bai mutu ba.

A cikin fage kuwa dabarar da ta fi aiki tsaro ce, ba gaba da gaba ba. Gungu sauri suke so, don haka ku tare mashiga mai ƙunci kamar gadar Dun Baldar, mutum biyar su koma baya su ƙwato hasumiyar da aka kama muku kafin ta ƙone, a fara kashe masu ba su magani, kuma don Allah mutum ɗaya ya yi magana saura su bi ko da dabararsa ba ta kai ba. In karawar ta ja sai ka ga sun fara gundura. Wallahi abin da ke kashe baƙi ba rashin iyawa ba ne, janar 40 ne a fage ɗaya.

Masu wasan League of Legends ma sun gwada buɗe wa gungu ƙofar layin gasa a 2016, aka yi ta kuka, kakar 2017 suka raba layin gida biyu, na mai shiga shi kaɗai ko su biyu daban, na gungu daban. Blizzard sai a 2024 ya tsayar da wani zubin fage mai suna Battleground Blitz a matsayin gasa, 8 da 8, kai kaɗai ko ku biyu, amma manyan fagagen 40 da 40 har yanzu iyakar mutum 5 ce, ita ake zagayewa.

Ni dai raba layi na fi yarda da shi, sai dai in an raba jira na ƙaruwa, mu kuma nan forfe ɗin jika ɗaya ne, rezo na rawa, kuran na iya ɗaukewa kana tsaka da jira. Shi ya sa yaran Birni da Zongo ba su jira gyaran kamfani ba, su huɗu suke zama tabarma ɗaya ana dafa shayi, ko kaske ba su buƙata, su ma sun zama ƴan haɗin bakin da wasu ke kuka da su.