Waiwaye: Jirgin Kaya Da Wayar Lantarki, Jayayyar Ba Ta Yau Ba Ce

Wanda ya ji yadda ake ta ce-ce-ku-ce kan mayar da jiragen ƙasa na kaya su koma amfani da lantarki zai ɗauka batun ɗumamar yanayi ne ya haifo maganar. Alhali ta girmi wannan batun nesa ba kusa ba.

Tun 1879 aka nuna ƙaramin jirgin lantarki a Berlin. A 1895 aka ja waya a hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Baltimore a Amurka, saboda hayaƙin kwal yana shaƙe mutane. Suwizalan kuwa ƙarancin kwal a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tura ta ga wutar madatsun ruwanta.

Sai dai aikin yana da ɗan karen tsada a lokacin. Wasu ƙasashe suna amfani da wuta mai ƙarfin bolt 1,500 ko 3,000, wadda ke buƙatar waya mai kauri da tashoshin raba wuta kusa-kusa. Wasu kuma, irin su Jamus, sai da suka tanadi wuta ta daban domin jirgi kaɗai.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a arewa maso gabashin Faransa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, injiniyoyin Faransa suka yi nazarin wani gwaji da Jamusawa suka fara a 1936 a layin Höllental, na ciyar da jirgi da irin wutar da kamfanin lantarki ke ba kowa. Suka ci gaba da gwajin a yankin Savoie, sannan tsakanin 1954 da 1955 suka ja waya mai bolt 25,000 daga Valenciennes zuwa Thionville. Layin nan ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne, taragun kwal da tama ne ke bin sa dare da rana. Da yake ƙarfin wutar ya ƙaru, waya ta sirance, turaku suka yi sauƙi, tashoshin raba wuta suka yi nisa da juna, taransifoma ta koma cikin kan jirgin. Kuɗin aiki ya sauko ƙwarai.

Nan da nan wasu suka ɗauka. Indiya ta rungumi tsarin a 1957, Tarayyar Sobiyat da Sin ma suka bi. Yau kusan dukkan manyan layukan Indiya suna da waya, an kuma kammala ta dogon layin da ya ratsa Siberiya a Rasha a 2002. A Amurka kuwa, inda kamfanoni ne ke da layukan kaya, man dizal kuma yana da araha, layin da ke da waya bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A ganina nan gizo ke saƙar. Tun 1955 fasaha ta gama nata. Abin da ya rage shi ne wa zai zuba kuɗi yau ya jira shekara talatin. Masu adawa suna da hujja: sai an ɗaga gadoji, an faɗaɗa ramukan duwatsu, ga ɓarayin waya, ga layin da jirgi biyu kacal ke bi a rana, wanda ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ba. Inda wutar ma ba ta tsayawa, ba a fara zancen. Amma a layi mai cunkoso, kan jirgin lantarki ya fi ƙarfi a hawa, gyaransa kaɗan ne, in ya taka birki a gangara har wuta yake mayarwa cikin waya. Hujjar cewa waya tana hana ɗora kwantena kan kwantena ma ta yi rauni, domin Indiya ta ɗaga wayar layin kayanta na yamma sama da mita 7, jiragen suna wucewa da hawa biyu.