Waiwaye: Binciken Fasinjojin Jirgin Sama a Amurka da Haƙƙin Matafiyi

Kafin shekarar 1973, fasinja a Amurka kan hau jirgin sama ba tare da an buɗe jakarsa ba. Yawaitar fashin jirage, musamman waɗanda ake karkatarwa zuwa Kyuba, ita ta sa gwamnati ta wajabta na'urar gano ƙarfe, kotuna kuma suka amince bisa sharaɗin binciken ya tsaya kan neman makami da bam.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka kafa hukumar tsaron sufuri ta TSA, daga nan kuma kowane yunƙurin hari sai ya haifi sabuwar ƙa'ida. Bam ɗin da Richard Reid ya ɓoye a takalmi ya jawo cire takalma, makircin tayar da bam na ruwa a jirage da aka bankaɗo a Birtaniya a 2006 kuma ya sa aka taƙaita ruwan da fasinja zai riƙe zuwa mililita 100 a kowace kwalba.

Lamarin ya shafe mu kai tsaye ranar Kirsimetin 2009, lokacin da ɗan Najeriya Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit. Mahaifinsa ya riga ya kai ƙorafi ofishin jakadancin Amurka a Abuja, don haka sakacin na jami'an leƙen asiri ne, amma laifin mutum ɗaya ya sa aka jefa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake lalube matafiyansu, har zuwa Afrilun 2010. Aka kuma baza na'urorin da ke nuna surar jikin mutum, waɗanda ba a janye mafi muninsu ba sai a 2013.

Sai dai abin da ya fi tauye haƙƙi ba a ganinsa a layi. Jerin waɗanda aka haramta wa hawa jirgi, wanda bai wuce suna 16 ba kafin harin 2001, ya kai kimanin 81,000 a 2016, kuma an shafe shekaru ba a gaya wa mutum yana ciki, balle dalili. Rahinah Ibrahim, ɗaliba 'yar Malesiya a Jami'ar Stanford, an sa mata ankwa a filin jirgin San Francisco a 2005. Sai a 2014 kotu ta tabbatar cewa wani jami'in FBI ne ya cike fom ba daidai ba. Shekara tara ke nan gwamnati tana fakewa da sirrin tsaro don rufe kuskuren alƙalami, kuma wannan zalunci ne.

A 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta ba wasu Musulmi damar neman diyya daga jami'an da Musulmin suka ce sun saka su a jerin saboda sun ƙi zama 'yan leƙen asiri a cikin al'ummarsu.