Ɗaukar tsohuwar mage ko tsohon kare daga gidan ajiyar dabbobi

A Ingila da Amurka, mai son mage ko kare ba sai ya saya ba. Akwai gidajen da ke tara dabbobin da aka tsinta ko waɗanda masu su suka kasa riƙewa, mutum ya je ya zaɓa. 'Yan ƙanana ba sa daɗewa ake kwashe su. Tsofaffin ne ke shan zama.

Yaya tsohuwar dabba ke faɗawa irin wannan gida?

Gidajen sun daɗe. Na Battersea da ke Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860 saboda karnukan titi, a 1883 ya fara karɓar maguna. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke shiga ba laifin komai suka yi ba. Mai su ne ya rasu, ko aka kai shi gidan kula da tsofaffi, ko ya sake gidan haya aka ce ba a zama da dabba. Magen da ta shekara 12 tana kwana a ƙafar mutum ɗaya sai ta wayi gari a keji. Shi ya sa a Amurka aka ware watan Nuwamba don tallata su, kuma a San Faransisko akwai ƙungiyar Muttville, wadda tun 2007 tsofaffin karnuka kawai take karɓa.

Shekara nawa ake kira tsufa?

Mage daga 10 ko 11, ko da yake takan kai 18 har 20. Kare kuwa girman jiki ne ma'auni: ƙato kan fara tsufa tun yana 6 ko 7, ƙarami sai wajen 10.

Me zai sa mutum ya bar kwikwiyo ya ɗauki tsoho?

Saboda ya san abin da ya ɗauko. Kwikwiyo kamar sayen kifi ne a ruwa: ba ka san girman da zai yi ba, balle halinsa. Tsoho ya gama girma, ma'aikatan gidan za su faɗa maka ko yana jure yara, ko yana faɗa da 'yan uwansa, ko haushi ya yi masa yawa. Galibi ya san inda ake bayan gida, ya kuma wuce shekarun tauna takalmi. Ga wanda ke fita aiki tun safe, a ganina babu zaɓin da ya fi wannan.

Kwanakin farko fa?

Sai haƙuri. Mage kan shige ƙarƙashin gado ta yi kwana biyu ko uku, sai dare ya raba ta lallaɓo ta ci abinci. Kada a jawo ta. A ba ta ɗaki ɗaya, da ruwa, da kwanon yashi na yin bayan gida, da irin abincin da ta saba. Amma idan ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba, a kai ta wurin likita, domin yunwa kan taɓa hantar mage da sauri.

Wace cuta ce aka fi tsoro?

A mage, ƙoda. Tana lalacewa a hankali, kuma alamar farko ba ta kama da ciwo: kwanon ruwa ne ke saurin ƙarewa, yashi kuma yana jiƙewa fiye da da. Ba a warkar da ita, amma abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosfaras kan ja ranar. Akwai kuma ciwon ƙululun wuya, inda mage ke ci kamar gara tana ramewa.

Sai ciwon gaɓoɓi, wanda ya fi kowanne ɓuya. Dabba ba ta cewa wayyo. Abin da za ka gani shi ne magen da ke haye taga da tsalle ɗaya yanzu tana tsayawa ta dubi tagar, ta juya. Bayanta ya cukurkuɗe don ba ta iya lanƙwasawa ta lashe. Kare kuma ya daɗe kafin ya miƙe da safe, yana zamewa a kan tayil. Mutane kan ce ai tsufa ne, alhali zafi ne, kuma akwai magani. Shimfiɗa mai laushi, darduma a kan santsi, kwanon yashi mai gajeren baki, da rage ƙiba, duk suna sauƙaƙa masa. Warin baki ma a duba, sau da yawa ruɓaɓɓen haƙori ne. Likitoci kan so ganin tsohuwar dabba duk wata shida.

To kuɗin fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Gidaje da dama kan rage kuɗin ɗauka, wasu su yafe, amma gwajin jini da cire haƙori ba arha, kuma galibi inshora ba ta biyan cutar da dabba ta zo da ita. A nemi takardun lafiyarta tun kafin a sa hannu. Wasu ƙungiyoyi kan bar dabbar a hannunka riƙo, su ci gaba da biyan likita.

Ba zan iya ba ta maganin ciwon jiki na gida ba?

A'a. Mu da muka saba ɓallo farasitamol da zarar wani ya ce kansa na ciwo, a nan sai an kiyaye. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibuprofen kuma kan ɓula cikin kare ya taɓa ƙodarsa. Ko ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ba ta dace da su ba, domin tana fasa musu ƙwayoyin jini.