The Expanse da ra'ayoyin 'yan kallonsa

The Expanse shiri ne mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya da aka shirya wa talabijin a Amurka, aka ɗauki yawancinsa a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Tashar Syfy ce ta fara nuna shi ranar 14 ga Disamba, 2015, aka kammala shi a Amazon Prime Video ranar 14 ga Janairu, 2022, bayan zango 6 masu ɗauke da kashi 62. An ciro labarin daga jerin littattafai 9 na James S. A. Corey, wanda sunan alƙalami ne da marubuta biyu, Daniel Abraham da Ty Franck, suke amfani da shi tare. Littafin farko, Leviathan Wakes, ya fito a 2011, na ƙarshe kuwa, Leviathan Falls, a 2021. Mark Fergus da Hawk Ostby ne suka juya labarin zuwa shirin talabijin, Naren Shankar ya riƙe ragamar aikin, kamfanin Alcon ya zuba kuɗi. A tarihin talabijin an fi tuna shirin da abin da masu kallonsa suka yi a 2018, lokacin da aka soke shi suka ƙi yarda.

Labarin a taƙaice

Labarin ya faru ne shekaru ɗaruruwa nan gaba, bayan ɗan Adam ya bazu a cikin duniyoyin da ke zagaya rana. Majalisar Ɗinkin Duniya ke mulkin wannan duniya tamu mai mutum kusan biliyan 30. Duniyar Mars ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta da ƙarfin soja. Tsakanin Mars da Jupiter akwai zoben duwatsu inda leburori ke haƙar ma'adinai da ƙanƙara, su ake kira Belta. Iskar da suke shaƙa da ruwan da suke sha duk na kamfanoni ne, kuma ana iya rage musu su idan sun yi bore. A cikin wannan hali ne wani ɗan sanda mai suna Miller yake neman wata yarinya 'yar attajiri da ta ɓace, wasu ma'aikatan kumbon dakon ƙanƙara kuma ƙarƙashin James Holden suka faɗa cikin rikicin da ya kusa haddasa yaƙi. Kumbon da suka mallaka daga baya shi ne Rocinante.

Abin da 'yan kallo suka fi yabawa

Kusan duk inda masoya shirin suka taru, maganar farko ita ce yadda ya girmama dokokin kimiyya. A yawancin finafinan sararin samaniya mutane na tafiya a cikin kumbo kamar a tsakar gida, ba wanda ke tambayar daga ina nauyin jikinsu ya fito. A nan kuwa nauyi na samuwa ne muddin injin na tura kumbon. An kashe inji, kowa ya tashi sama, sai mai takalmin maganaɗisu ke tsayawa. Kumbo ba shi da birki, don haka idan ya kai rabin tafiya sai ya juya baya ya kunna wuta ta ɗaya ɓangaren don ya rage gudu. Idan kuma za a yi gudu mai tsanani, sai an ɗaure kowa a kujera an ɗura masa magani ta allura, in ba haka ba jijiyar ƙwaƙwalwa na iya fashewa. Shankar, wanda ya yi digirin digirgir a fannin kimiyya a Jami'ar Cornell kafin ya shiga harkar fim, yana da hannu sosai a wannan tsantseni.

Ƙananan abubuwa ne suka fi zama a zukatan masu kallo. Akwai wurin da Miller ke tsiyaya abin sha a tashar Ceres, mazaunin Belta da ke cikin zoben duwatsun nan, ruwan ya karkace a iska kafin ya faɗa kofi, saboda tashar juyawa take yi. Ba wanda ya tsaya bayani, an bar mai ido ya gani. A farkon shirin kuma an nuna wani ɗan Belta da aka kama aka kawo duniya, aka rataye shi ta hammata a kan ƙugiyoyi. Ba a doke shi ba, ba a taɓa shi ba. Nauyin jikinsa kaɗai ke azabtar da shi, don ƙashinsa da zuciyarsa sun tashi ne inda babu jan ƙasa. A zango na 3, bayan kumbuna sun tsaya cak lokaci guda mutane sun jikkata, an nuna cewa raunin cikin jiki ba ya warkewa inda babu nauyi, jinin taruwa yake yi wuri ɗaya. Dole aka juya wani ƙaton kumbo kamar ganga don majinyata su samu nauyin da zai cece su, har da na abokan gaba. Masu sharhi da dama na kawo wannan wuri a matsayin misalin yadda kimiyya ta zama ƙashin bayan labarin.

Abu na biyu shi ne harshen Belta. Masanin harshe Nick Farmer ya gina shi daga gaurayen harsunan duniya, irin harshen da ke tsirowa a tashar jiragen ruwa ko sansanin leburori. Kalmomi irin su “beltalowda”, wato mu 'yan Belta, da “inyalowda”, mutanen duniyoyin ciki, da “kopeng”, aboki, sun fita daga shirin sun shiga bakin masoyansa. Wasu sabbin masu kallo kuwa sun koka cewa sai da rubutun ƙasan allo suke fahimtar abin da ake faɗa.

Korafin farko: jan ƙafa

Sukar da ta fi yawa a kan zangon farko ita ce ya yi nauyin tashi. An jefa mai kallo cikin siyasar ɓangarori uku, da sunaye barkatai, da duhun lungunan Ceres, ba tare da mai riƙe masa hannu ba. Daga nan wata shawara ta samo asali wadda tsofaffin masu kallo ke ba sababbi har yau: a daure a kai kashi na 4, mai suna “CQB”, inda aka kai wa kumbon yaƙin Mars mai suna Donnager hari. Wanda wannan kashi bai kama shi ba, in ji su, ya haƙura. Masu sharhi na jaridu ma sun bi wannan layi. Sun karɓi zangon farko da yabo mai haɗe da ƙorafi, amma zango na 3 ya samu kashi 100 cikin 100 a Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara ra'ayoyin masu sharhi.

Masu karatu da masu kallo

Duk shirin da aka ciro daga littafi yana raba jama'arsa gida biyu, waɗanda suka karanta da waɗanda suka fara da allo. Abin da ya sassauta rigimar a nan shi ne Abraham da Franck suna cikin masu rubuta shirin, don haka da wuya mai karatu ya ce an ci amanar marubuta. Duk da haka an yi ta muhawara.

A littafi, 'yan Belta dogaye ne ƙwarai, sirara, masu manyan kawuna, saboda sun girma babu nauyi. Ba a iya samun ɗaruruwan 'yan wasa masu wannan siffa ba, sai aka koma ga zanen jiki da aski da lafazi. Wasu masu karatu sun ce an yi asarar wani abu babba, domin a littafi wariyar da ake nuna wa Belta a jikinsu take rubuce, ana ganinsu an san su. Haka kuma ma'aikatan Rocinante sun fi jituwa a littafi tun daga farko, a allo kuwa an sa su suna zargin juna da cacar baki a zangon farko, abin da bai yi wa masu karatu da yawa daɗi ba.

Akwai sauye-sauyen da ɓangarorin biyu suka yi na'am da su. Chrisjen Avasarala, dattijuwar 'yar siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta cikin littafin farko, amma an jawo ta tun kashi na 1, kuma muryar Shohreh Aghdashloo mai kaushi ta zama tambarin shirin. A littafi bakinta ba shi da linzami. Dokokin tashar talabijin sun ɗan ɗaure ta a Syfy, da aka koma Amazon sai aka sake ta, masu karatu suka ce yanzu ne suka ga tsohuwar da suka sani. Camina Drummer, wata jagorar Belta wadda Cara Gee ta fito a matsayinta, an haɗa ta ne daga ayyukan mutane da dama na littafin, ta kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ƙauna, har kamfanin Telltale ya fitar da wasan bidiyo a kanta a 2023. Klaes Ashford, wani kwamandan Belta, kuwa a littafi mutum ne mai girman kai da raunin tunani. David Strathairn ya mayar da shi tsohon ɗan fashin sama mai dattako, kuma da wuya a samu mai karatun da bai yarda cewa na allon ya fi ba.

Sokewar 2018

A watan Mayun 2018, ana tsakiyar nuna zango na 3, Syfy ta sanar cewa ba za ta ci gaba ba. Dalilin na cikin yarjejeniyar da aka ƙulla tun farko. Alcon ke da shirin, Syfy kuwa haƙƙin nunawa na farko a talabijin a cikin Amurka kawai ta saya. Ribarta ta dogara ga waɗanda suka zauna gaban akwati a daren da aka nuna shi, kuma waɗannan ba su kai miliyan 1 ba a zango na 3. A wancan zamani masu son irin wannan shiri yawanci ta intanet suke kallo, a lokacin da suka ga dama, a Amazon a cikin Amurka ko a Netflix a wasu ƙasashe. Duk wannan taro ba ya shiga aljihun Syfy. Tashar na biyan kuɗin shiri mai tsada, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Masoya shirin, waɗanda ke kiran kansu Screaming Firehawks, sunan da aka taɓa ba da shawarar a raɗa wa Rocinante aka ƙi, sun tashi haiƙan. Takardar koken da suka buɗe a intanet ta tara sa hannu fiye da 100,000. Suka yi karo-karo suka ɗauki hayar ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi a kan ofishin Amazon Studios da ke Santa Monica a jihar Kalifoniya, yana jan ƙyalle mai ɗauke da kiran a ceci shirin. Wasu suka ɗaura ɗan ƙaramin samfurin Rocinante a balan-balan suka aika shi can ƙololuwar sama. Marubuci George R. R. Martin, wanda Franck ya taɓa yi wa aiki a matsayin mataimaki, da ɗan wasa Wil Wheaton, suna cikin sanannun da suka sa baki. Kimanin mako biyu bayan sokewar, Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya tsaya a wani taron masu harkar sararin samaniya a Los Angeles, 'yan wasan na zaune a zauren, ya ce shirin ya tsira.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasarar 'yan kallo zalla. Gaskiyar ta fi haka faɗi: Bezos mai son littattafan ne tun da can, Amazon na riƙe da haƙƙin nuna tsofaffin zangunan a Amurka, kuma kamfanin na neman manyan shirye-shirye a lokacin. Hayaniyar masoya ta nuna wa mai saye cewa akwai kasuwa, ta kuma sa cinikin ya yi sauri.

Zangunan Amazon

Zango na 4 ya fito a Disamban 2019, kashi 10 a lokaci guda. Hoto ya ƙara kyau, amma an sauko da labarin daga sama zuwa doron wata sabuwar duniya mai suna Ilus, inda 'yan gudun hijirar Belta da wani kamfani ke rigimar mallakar ƙasa. Masu son yaƙin kumbuna sun ce ya yi sanyi, kamar yadda masu karatu suka taɓa cewa game da littafin da aka ciro shi, Cibola Burn. Zango na 5 ya raba ma'aikatan Rocinante kowa ya kama gabansa, ya kawo Marco Inaros, madugun 'yan tawayen Belta, da duwatsun da ya jefo wa duniya. An yaba wasan Dominique Tipper a matsayin Naomi Nagata, injiniyar Rocinante, musamman inda ta yi tsalle daga kumbo zuwa kumbo babu rigar kariya, ko da yake wasu sun ga an daɗe a kan wahalarta. Komawar da Amazon ta yi ga fitar da kashi ɗaya a mako ita ma ta jawo gunaguni daga waɗanda suka saba shanye zango a zama ɗaya.

A ƙarshen wannan zango aka kashe matuƙin Rocinante, Alex Kamal, wanda a littafi yana raye har ƙarshe. Hakan ya biyo bayan zarge-zargen rashin ɗa'a da aka yi wa ɗan wasan, Cas Anvar, a 2020, da sanarwar cewa ba zai dawo ba. An nuna cewa jijiyar ƙwaƙwalwarsa ce ta fashe saboda tsananin gudu. Wasu sun ce mutuwar ta zo a gaggauce, wasu suka ce ai tun zangon farko shirin ke gargaɗi cewa wannan na iya faruwa ga kowa.

Zango na 6 kashi 6 ne kacal, kuma nan ne ƙorafi ya fi ƙarfi. An matse babban yaƙi a cikin ɗan lokaci, sannan aka riƙa buɗe kowane kashi da labarin wata yarinya a duniyar Laconia, wanda aka ciro daga gajeren labarin Strange Dogs. Mai karatu ya san inda wannan zare ya nufa, mai kallo kuwa an bar shi riƙe da shi. Shirin ya tsaya a littafi na 6, kuma tsakaninsa da na 7 akwai tsallaken kusan shekara 30 a cikin labarin, abin da ya sa wurin ya dace da tsayawa. Littattafai 3 na ƙarshe ba a ɗauke su ba.

Kyaututtuka

Lambar yabo ta Hugo, wadda masu karatu da masu kallo mahalarta babban taron ƙagaggun labaran kimiyya na duniya ke zaɓa da ƙuri'arsu, ta je wa shirin sau 3: a 2017 saboda kashin “Leviathan Wakes”, a 2022 saboda “Nemesis Games”, a 2023 kuma saboda “Babylon's Ashes”, kashin da aka rufe shirin da shi. Jerin littattafan ya ci tasa Hugo ɗin a 2020. A 2023 kamfanin Boom! Studios ya fara fitar da littafin zane mai suna Dragon Tooth, wanda ya ɗora daga inda zango na 6 ya tsaya.