Fargabar sauyin yanayi: abin da kalmar ke nufi, da inda iyakarta ta tsaya

Fargabar sauyin yanayi fassara ce ta kalmar Turanci "eco-anxiety". Ma'anar da aka fi kafa hujja da ita ta fito ne a 2017, cikin wani rahoto da Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ta fitar tare da ƙungiyar ecoAmerica. Sun bayyana ta da tsoro mai daɗewa a zuciya cewa muhalli ya kama hanyar halaka. A lura da "mai daɗewa". Wanda gabansa ya faɗi don ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, alhali katangar gidansa ta jiƙe tun ruwan jiya, ba shi ake nufi ba. Ana nufin wanda tunanin abin da zai faru nan da shekara goma ko ashirin ya zauna masa a rai, ya kwanta da shi ya tashi da shi.

Hausa ta riga ta raba waɗannan abubuwa tun kafin masu bincike su zo. Tsoro na abin da ke gabanka ne. Firgita ko razana na abin da ya auko maka ba shiri. Fargaba da zullumi kuwa na abin da bai iso ba tukuna. Shi ya sa "fargaba" ta fi dacewa da kalmar fiye da "damuwa" da wasu masu fassara labarai ke sakawa, domin a bakin ma'aikatan lafiya "ciwon damuwa" ya riga ya zama sunan wata cuta daban, wato ciwon baƙin ciki mai daɗewa.

Ita wannan fargabar ba cuta ba ce. Babu ta a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, babu ta kuma a DSM-5 da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi. Dalilin a fili yake: abin da ake tsoron gaskiya ne. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya faɗa a rahotonsa na Fabrairun 2022 cewa sauyin yanayi ya riga ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwar mutane a yankunan da aka yi nazari, kuma ya ba wannan hukunci matsayi mafi ƙarfi na tabbaci. Ba a kiran mutum maras lafiya don ya ji tsoron maciji na gaske.

Alƙaluman da aka fi yawo da su sun fito ne daga binciken da Caroline Hickman ta Jami'ar Bath a Ingila ta jagoranta, wanda mujallar Lancet Planetary Health ta buga a Disambar 2021. An tambayi matasa 10,000 'yan shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma, 1,000 daga kowace ƙasa: Ostireliya, Brazil, Finlan, Faransa, Indiya, Najeriya, Filifin, Fotugal, Birtaniya da Amurka. Kashi 59 cikin 100 suka ce abin na damunsu ƙwarai ko matuƙa. Kashi 75 suka ce gaba abin tsoro ce. Sama da kashi 45 suka ce yana shafar harkokinsu na yau da kullum, kashi 39 kuma suna ɗari-ɗari da haihuwa saboda shi.

A nan ne masu kanun labarai kan yi tuntuɓe. Binciken bai duba kowa a asibiti ba, tambaya aka yi aka samu amsa. Kashi 59 ba marasa lafiya ba ne, mutane ne da suka ce suna cikin damuwa. Ta intanet kuma aka yi shi, don haka matasan Najeriya 1,000 ɗin masu waya da data ne. Yaron da ke kiwo a daji da yarinyar da ke tallar fura ba su da murya a ciki, ko da yake su ne fari ya fi cizo.

Ma'aunin da ya fi tsauri shi ne wanda Susan Clayton da Bryan Karazsia suka fitar a 2020. Tambayoyi 13 ne, ana amsa kowacce daga 1, wato sam, zuwa 5, wato kusan kullum. Tambayoyin sun kasu gida biyu. Na farko yana duba tunani da zuciya: kasa tattara hankali, kasa barci, mugun mafarki, kuka. Na biyu yana duba aiki: shin abin ya hana ka karatu, sana'a, ko sakewa cikin iyali da abokai? Da aka gwada shi a 2022 kan mutum 2,080 masu jin Faransanci a ƙasashe takwas na Afirka da Turai, kimanin kashi 12 cikin 100 ne aka samu fargabar na yawan zuwa musu. Tsakanin 59 da 12 akwai tafiya, kuma bambancin yana cikin irin tambayar da aka yi.

Kalmar na da 'yan uwa biyu da ake cakuɗa su da ita. Ɗaya ita ce solastaljiya, wadda masanin falsafa ɗan Ostireliya Glenn Albrecht ya ƙirƙira a 2003, bayan ya ga halin da mazauna kwarin Hunter suka shiga sa'ad da manyan ramukan haƙar kwal suka cinye ƙasarsu. Ma'anarta kewar gida alhali kana zaune a gidan. Ba ka yi ƙaura ba, garin ne ya sauya a ƙarƙashin ƙafarka. Dattijon masunci a gaɓar Tafkin Chadi, wanda ya san tafkin yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 kafin farin shekarun 1970 da 1980 su janye ruwan, ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ɗayar ita ce makokin muhalli, wanda Ashlee Cunsolo da Neville Ellis suka yi rubutu a kai a 2018, daga aikinsu da al'ummar Inuwit na Labrador a Kanada da manoman alkama na yammacin Ostireliya. Fargaba na kallon gaba, waɗannan biyun na kallon abin da ake rasawa ko aka riga aka rasa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a asibiti shi ne wanda ke biyo bayan bala'i, kuma kuskure ne a kira shi fargabar sauyin yanayi. Bayan ambaliyar hunturun 2013 zuwa 2014 a Ingila, hukumar lafiyar al'umma ta ƙasar ta binciki halin mutanen shekara guda da faruwar abin. Cikin waɗanda ruwa ya shiga gidajensu, kimanin kashi 20 na da alamun ciwon damuwa, 28 na ciwon fargaba, 36 na ciwon firgita bayan bala'i. A cikin waɗanda ruwan bai shafa ba, kowanne bai wuce kashi 6 zuwa 8 ba. Waɗanda suka bar gida ba tare da an gargaɗe su tun da wuri ba sun fi shan wuya. Ashe gargaɗin sa'o'i kaɗan ba kaya kawai yake ceta ba. Wannan a ƙasa mai inshora ke nan. Mutumin Maiduguri da ruwan madatsar Alau ya tashe shi cikin dare a Satumbar 2024, ko na Mokwa a Mayun 2025, idan yau ƙarar ruwan sama a kan kwano na sa shi zufa da bugun zuciya, ba zullumin gaba yake yi ba. Abin da ya gani ne ke dawo masa.

Yaushe abu ya tsallake iyaka ya zama na likita? Ana duba tsawon lokaci da kuma ko ya tsayar da rayuwa. Baƙin ciki ko mutuwar sha'awar komai kusan kowace rana na mako biyu, ana zargin ciwon damuwa. Dawowar hoton bala'in, mugun mafarki, gudun wurin da abin ya faru da saurin zabura, idan sun wuce wata guda, ana zargin ciwon firgita. Zullumin da ya ƙi jin rarrashi yawancin kwanaki har wata shida, ana zargin ciwon fargaba. Akwai gajerun takardun tantancewa: PHQ-9 mai maki 0 zuwa 27, da GAD-7 mai maki 0 zuwa 21. A duka biyun, maki 10 ko sama alama ce ta a ƙara bincike. Maganar kashe kai kuwa ba ta jiran kowane wa'adi.

Inda ake yawan ɓata aiki wuri uku ne. Da yawa ba sa zuwa da "ina cikin damuwa". Suna zuwa da ciwon kai, zafi a tsakar ka, bugun zuciya, ko jin wani abu na yawo a jiki, sai a yi ta ɗura musu maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ba wanda ya tambayi yadda suke barci ko abin da suka rasa. Na biyu, tilasta wa wanda ya tsira ya ba da labarin dalla-dalla a zama guda don wai ya amayar da abin. An gwada wannan, bai hana ciwon ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa. Abin da take koyarwa mai sauƙi ne: duba, saurara, haɗa mutum da abin da yake buƙata, wato abinci, makwanci, danginsa, labari na gaskiya. Na uku, Valium da danginsa daga kemis. Suna kwantar da mutum a daren farko, amma hukumar ta ce kada a ba da su don firgitar makonnin farko bayan bala'i, ga kuma sabo da jiki ke yi da su.

Saura zafi, wanda ba ruwansa da ko mutum ya taɓa jin kalmar sauyin yanayi. Binciken Marshall Burke da abokan aikinsa na 2018 ya gano cewa idan matsakaicin zafin wata ya ƙaru da digiri 1, kashe kai na ƙaruwa da kashi 0.7 cikin 100 a Amurka, da 2.1 a Meziko. Wani na 2022 a mujallar JAMA Psychiatry ya samu ƙarin kusan kashi 8 na masu zuwa sashen gaggawa da matsalar ƙwaƙwalwa a ranakun tsananin zafi a Amurka. Ɗaya daga hanyoyin da ake zargi shi ne barci. Nazarin mutum 47,000 a ƙasashe 68 ya nuna daren da zafinsa ya haura digiri 30 na rage barci da kimanin minti 14, kuma abin ya fi taɓa tsofaffi, mata da mazauna ƙasashe matalauta. Minti 14 ba komai ba ne a dare ɗaya, amma bazarar Sakkwato ko Yamai ba dare ɗaya ba ce.

Masu shan maganin ƙwaƙwalwa su ne a bakin wuta. A tsananin zafin da ya auka wa lardin Biritish Kolombiya na Kanada a 2021, haɗarin mutuwa ga masu sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa jin muryoyi ko ganin abin da babu, ya ninka kusan sau uku. Largactil, Artane da amitiriptilin na rage zufa ko dagula yadda jiki ke daidaita zafinsa, sai mutum ya yi zafi a ciki fatarsa a bushe. Litiyam kuma, wani maganin ƙwaƙwalwa na daban, ta ƙoda yake fita. Idan ruwan jiki ya ragu, sai ya taru a jini, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani a gwajin jini, wajen 0.6 zuwa 1.0, da wanda ke zama guba, daga 1.5, ƙanƙanuwa ce. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da masu sa fitsari na hawan jini, suna ƙara tara shi.

Ba a daina magani don zafi, ciwon ne zai dawo. Abin yi shi ne a ga likita kafin bazara ta kankama, musamman mai niyyar azumi, a duba jini idan litiyam ne, a sake tsara lokutan sha in da buƙata. Mai shan litiyam da ya fara karkarwar hannu mai ƙarfi, amai, gudawa, tangaɗi ko sarƙewar harshe, a dakatar da ƙwayar a kai shi asibiti a ranar. Wanda jikinsa ya kai digiri 40 kuma ya fara ruɗewa, kada iyali su ɗauka tsohon ciwon ne ya motsa. A kai shi inuwa, a rage masa tufa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita tun kafin mota ta iso.